Faɗin Ƙofar Baba

Ni dai tun farko na faɗa musu, Baba ba zai ƙare kwanansa a ɗakin baƙi ba, ko da ɗakin baƙin na ɗan cikinsa ne.

Hatsarin mota ne ya taɓa masa laka, ƙafafu suka daina jin magana. Da aka sallame shi daga asibiti, gidan Yaya, babban wanmu, aka wuce da shi kai tsaye. Ba wai an ƙi gidan Baban ba ne, gidan ne bai karɓe shi ba. Bene ne da ya gina da ƙuruciya, lokacin yana hawa matakala bibbiyu. Ɗakunan kwana da banɗaki duk suna sama. Ƙasa kuwa falo ne da kicin da wani sito mai duhu, wanda Mama, Allah ya jiƙanta, ta cika da tukwanen da ba a taɓa ɗora su a wuta ba. Mutumin da ke kan keken guragu me zai yi da gida irin wannan?

A gidan Yaya ba a rage shi da komai ba, gaskiya ɗaya ce. Matar Yaya tana yi masa hidimar da ko mu 'ya'yansa sai mun yi da gaske. A ɗaga shi, a kwantar da shi, a tura shi gaban talabijin, a turo shi gaban abinci. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kwance injin manyan motoci ya koma kamar buhun hatsi, ana ɗauka ana ajiyewa. Duk zuwan da na yi sai in tarar shirunsa ya ƙaru. Ran nan ina gyara masa matashi ya ce da ni, bai ko kalle ni ba, "Uwata, lemon nan na tsakar gida, akwai mai ba shi ruwa kuwa?"

Na fita bakin get na yi kukana ya ishe ni, na goge fuska, na dawo na sami Yaya. Na ce masa a gyara ƙasan gidan a yi wa Baba ɗaki da banɗaki. Ni da maigidana da yara mu koma sama, in hau da keken ɗinkina can, tunda tela ko'ina ta zauna shagonta ke nan.

Yaya mutum ne mai tsoro, kuma tsoron nasa na so ne, shi ya sa yake da wuyar musu. Ya riga ya fara maganar zuba 'yan haya a gidan.

"Ke kina sama kina taka keken ɗinki, maigidanki yana wurin aiki. In ya faɗi wa zai ji?" in ji shi. "To ga magana ɗaya. In kika mayar da wurin yadda zai shiga ɗakinsa ya fita shi kaɗai, ba mai ɗagawa ba mai turawa, na yarda ya koma. In bai yiwu ba, ki ƙyale mu mu ba da haya, kuma kada ki sake tayar da zancen."

Na ce na ji na gani.

Washegari na ɗauki allin da nake zana yadi da shi na je na zane daɓen falon kaca-kaca. Nan gado, nan banɗaki, wannan bangon da ya raba sito da falo a rushe shi. A ganina aikin ya ƙare, saura guduma. Auta, ƙanwarmu, ita ta ce in yi wa Allah in bari ƙawarta injiniya ta leƙa tukuna.

Injiniya ta zo da takalmin ƙarfe da 'yar ƙaramar murya. Ta ƙwanƙwasa bangon, ta hau sama ta daɗe, ta sauko ta dube ni.

"Anti, wannan bangon shi yake goye da saman gidan. Kika rushe shi haka kawai, gadonki zai sauko falo ba tare da ya bi matakala ba."

Raina ya ɓaci, don ba na son a kushe min ɗinki. Amma da ta nuna min inda bangon sama ya hau kan na ƙasa daidai wa daida, sai na kama bakina. Ta ce za a iya cire shi, amma sai an tsayar da ginshiƙai biyu an ɗora musu bim, wato doguwar gadar kankare mai rodi a ciki, ta karɓi nauyin. Ta tafi ta zano komai: banɗaki ba dakali a bakinsa, daɓensa ya ɗan gangara zuwa magudana, ƙarafan riƙewa a jikin bango, gangara a ƙofar gida maimakon matakala, ƙofofi masu faɗi kamar na asibiti. Na kai zanen ofishin ba da izinin gini, na sha je-ki-dawo har masinjan wurin ya fara tambayata lafiyar yara. Da takarda ta fito sai da na yi rawa a tsakar titi, ban damu da mai kallo ba.

Sai aka kawo mana birkila, wanda duk unguwa ke kira Gobe-da-safe. Ba a banza ya ci sunan ba. Ka tambaye shi yaushe yashi zai zo, gobe da safe. Yaushe za a zuba kankare, gobe da safe. Amma in ya kama cokalin gini sai ka yafe masa, hannunsa na da kyau. Suka tokare rufin da turakun ƙarfe, suka cinye bangon a hankali daga sama, suka ɗaure rodi, suka zuba bim. Injiniya ta hana a taɓa turakun sai kankare ya yi ƙwari, ni kuma aka ɗora min aikin yi masa ban ruwa safe da yamma. Mai famfo ya farke daɓe ya binne bututu. Mai tayil ya shimfiɗa irin mai kaushi wanda ba ya santsi. Aka fasa taga a sito, hasken da bai taɓa shiga wurin ba ya shiga. Aka tayar da sabon bango ya raba ɗakin Baba da falo, aka bar gurbin ƙofa. Ƙura kuwa har cikin haƙorana, ɗinkin mutane duk na ajiye shi, masu kaya suna ta yi min waya ina ba su haƙuri.

Ana cikin haka Injiniya ta tafi wani aiki a nesa, mu kuma dabara ta zo mana. Ƙofar ɗakin Baba ta sama, ta katako mai nauyi, shi ya zaɓi icen da kansa, kullum ya wuce sai ya shafa ta. Auta ta ce me zai hana a sauko da ita a sa masa a sabon ɗakin, ya ga abinsa. Na ce wallahi kin yi kai. Matsalar ɗaya, ba ta kai faɗin gurbin da aka bari ba.

Na buga wa Injiniya waya, ta ce, "Anti, ku bi zane." Na ce to, na kashe, na ce wa Auta yaran zamani komai sai takarda. Ai gani ya kori ji. Muka faki idon Baba yana barcin rana muka ɗauko kekensa a mota. Aka tsayar da ƙofar da firam ɗinta, wato katakon da ke zagaye da ita, Auta ta zauna a keken ta naɗe hannu a cinya, na tura ta. Ta wuce sumul, har da ragowar yatsa biyu kowane gefe. Na turo ta baya, na sake turawa. Muka tafa. Gobe-da-safe ya cike ragowar gurbin da bulo, ya yi filasta, aka shafa fenti, kai ka ce haka aka haifi bangon.

Ranar da Yaya ya kawo Baba, na share gidan har sau ban san adadi ba. Yaya ya turo shi ta gangarar ƙofar gida zuwa falo. Baba ya ɗaga kai ya dubi bim, ya dubi sabon bango, ya daɗe yana kallon ƙofarsa. Sai ya ce, "Sake ni."

Yaya ya ce, "Baba, bari in..."

"Na ce sake ni."

Tunda ya kwanta ciwo ba wanda ya taɓa barinsa ya juya tayar nan da kansa. Kullum akwai hannu a bayansa, nawa ko na Yaya ko na matar Yaya, muna rige-rigen neman lada. Ya ɗora manyan hannayen nan nasa a kan tayoyin, gwiwar hannu a buɗe, ya tura. Keken ya tafi tiryan-tiryan har bakin ƙofa, gabansa ya shiga, sai ji muka yi ƙum. Bayan hannayensa ya daki firam hagu da dama. Ya ja baya, ya matse gwiwar hannu, ya sake gwadawa. Wannan karon katakon ya ɗaye masa fatar yatsu, jini ya tsattsafo. Keken yana wucewa, amma hannun da zai tuƙa shi ba shi da wuri. Mun auna keke, ba mu auna mai keke ba.

Yaya ya matso da sauri. "Ba komai, Baba, ɗaga hannun in tura ka."

Baba ya dubi yatsunsa. "In sai an tura ni, me ya raba nan da gidanka?" Ya sauke hannun a cinyarsa. "Kun yi ƙoƙari, Allah ya yi muku albarka. Mayar da ni mota."

Albarkar nan ta fi zagi ciwo. Auta ta fashe da kuka. Yaya bai ce ai na faɗa ba, amma na ga maganar a fuskarsa, kuma na ga bai ji daɗin cin gardamar ba. Ni kuwa haushi ya taso min, haushin kaina da haushin ƙofar da haushin duniya gaba ɗaya. Na tsaya a gaban keken na ce ba inda za a kai shi. Na danna wa Injiniya kira, na faɗa mata abin da muka aikata, ina jiran faɗa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Lintal ɗin, kankaren nan da ke ɗauke da saman ƙofar, an zuba shi ne kafin in tafi, a kan faɗin zane. Bulon da kuka ƙara ba ya ɗauke da komai sai fenti. Ku cire shi."

Gobe-da-safe yana tsakar gida yana wanke kayan aikinsa. Na ce ya zo ya fasa. Ya leƙo, ya sosa ƙeya, ya buɗe baki.

"Ka ce min gobe da safe," na ce, "ka ga yadda ake yi wa birkila filasta."

Ya rufe bakin ya miƙo guduma da kurfi. Ban kai ga karɓa ba, sai ga hannun Yaya ya riga ni. Ya cire agogo ya ba Auta, ya naɗe hannun farar rigarsa. Mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa a gidansa ba. Shi da birkila suka zare ƙofar suka jingine ta a falo, suka ɓamɓare firam. Yaya ya ɗaga guduma zai fara daga tsakiya.

"Kai, ba nan ba," in ji Baba daga bayansa. "Daga sama ake farawa, in ba so kake ya zubo maka a ƙafa ba. Riƙe ƙotar daga ƙarshe. Wa ya koya maka riƙon guduma kamar cokali?"

Yaya ya gyara riƙo ya buga. Fentin da na biya aka shafa jiya-jiya ya tsage, filasta ta zubo, kuma ban taɓa jin daɗin ɓarna irin na ranar ba. Bulo ɗaya ya faɗo, na biyu ya bi shi. Baba yana ta ba da umarni, ƙura na sauka a gemunsa, ya ƙi a ja shi baya. Da ya rage na ƙasan ƙarshe, wanda ya kafe ya ƙi fita, Yaya na haki kamar zai faɗi, Baba ya miƙa hannu.

"Kawo nan."

Ya danne birkin keken, ya sunkuya gefe, ya auna sau ɗaya. Bugu biyu ya yi masa, bulon ya tashi ya gangara cikin ɗakin. Ni da Auta muka kwashe ɓaraguzai da hannu, na share hanya da gefen zanina don ban tsaya neman tsintsiya ba.

Ya saki birki. Ya buɗe gwiwar hannunsa yadda ransa ke so, ya tura, ya shige ta wannan wagegen gurbi mai kaushin baki ko taɓa gefe bai yi ba. Ya kai tsakiyar ɗaki ya juya keken ya zagaya. Ya shiga banɗaki, muka ji ya murɗa famfo yana wanke yatsunsa, ya kashe, ya fito. Na ji ƙirjina ya cika har ya yi min ciwo don murna.

Yaya ya goge zufa, fuskarsa fara fat da siminti. "To Baba, mu je gida ka huta. In an gyara bakin ƙofar an share ƙurar nan, sai a dawo da kai."

"Ka gaida mutanen gidan," in ji Baba. "Ka ce wa 'yata, matarka, na gode, Allah ya saka mata. A aiko min da kayana." Ya matsa da keken jikin gado, ya kama ƙarfen da ke bango ya jijjiga shi ya ji ƙarfinsa. "Yanzu ku ba ni wuri, zan kwanta."

Babu ƙofar da za a rufe, sai muka fito muka tsaya a bakin gurbin muka juya masa baya, ni da Yaya da Auta, har da birkila. Muka ji ƙarar birki. Muka ji nishi, da ƙarfe yana amsa nauyi. Kafaɗar Yaya ta motsa zai juya, na damƙe wuyan hannunsa na riƙe gam. Nishin ya sake zuwa, mai tsawo, sannan gado ya yi ƙara ya yi shiru.

Ba wanda ya yi motsi a cikinmu. Hawaye na wanke simintin fuskar Yaya, bai ko goge ba.

"Ku matsa daga nan," in ji Baba daga kan gadonsa. "Kun tare min iska."