Ɗalibi Mai Furfura

"Ɗaga hannunka kaɗan, Baba," na ce, allura a bakina.

Ya ɗaga. Baƙar rigar yaye ɗalibai da jami'a ta aiko ta yi masa yawa har tana jan ƙasa, kafaɗunta sun zubo kamar an rataye ta a ƙusa. Matarsa na zaune a bakin gado tana kallonmu.

"Kin ga ikon Allah, Tela," ya ce. "Lokacin da nake da jikin cika ta, sun hana ni. Yanzu da na zama tsinke, sun aiko."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni ɗinki nake yi, shi kuma gyaran fanka da rediyo a wani ɗan shago da ke kallon ƙofar jami'a. Duk unguwa Ɗalibi ake ce masa, har jikokinsa. Yana cikin waɗanda aka fara ɗauka, lokacin jami'ar ba ta wuce 'yan gine-gine a tsakiyar gonaki ba. A shekararsu ta ƙarshe suka yi zanga-zanga kan rashin ruwa a ɗakunan kwana, aka turo 'yan sanda, aka yi harbi. Abokin ɗakinsa ya faɗi a matakalar laburare. Shi ya saɓo gawar a kafaɗa, hoton ya fito a jarida, aka kore shi. Kunyar mahaifinsa ta hana shi komawa garinsu. Ya zauna nan, gari ya girma ya kewaye shi da shaguna da gidajen hayar ɗalibai, amma bai ƙara taka cikin ƙofar nan ba.

Bana jami'ar ta cika shekara hamsin, hukumarta ta ce ta yafe wa waɗanda aka kora, za a ba su shaidar kammalawa ranar yaye ɗalibai.

"Yafewa," ya ce, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wa ya yi wa wani laifi?"

"To Malam, in ba ka so a mayar musu," in ji matarsa.

"Zan je. Amma kafin ranar ina so in ga wurin da ya faɗi. Ba na son in fara ganinsa cikin taro."

Washegari da hantsi babbar 'yarsa ta zo da mota. Na bi su don in riƙe shi, domin ƙafafunsa sun kumbura. Da muka shige ƙofar ya miƙe zaune, ya manna fuska a gilashi. Ɗalibai na ta giftawa, kowa da waya a hannu.

"Yi dama, uwata," ya ce wa 'yar. "Akwai layin itatuwa."

Babu itatuwa. Muka zagaya, muka sake zagayawa. Daga ƙarshe 'yar ta tsayar da wata ɗaliba ta tambaye ta tsohon laburare.

"Tsoho? Ni dai wannan kaɗai na sani," ta ce, ta nuna wani dogon gini mai gilasai.

Wani mai ban ruwan furanni ne ya gane abin da muke nema. Ya ce an rushe shi tun kafin a ɗauke shi aiki, ya nuna mana filin ajiye motoci.

Muka fito da shi. Ya tsaya tsakanin motoci biyu, ya jingina da ni, yana duban kwalta. Ya matsa gaba kaɗan, ya dawo, ya waiga hagu.

"Nan ne, Baba?" 'yar ta tambaya.

"Ban sani ba," ya ce a hankali. "Wallahi ban sani ba."

Wani ya danna mana oda yana son fita. Muka janye shi gefe.

Tun daga ranar ya rage magana. Abinci sai an matsa masa, shi ma loma biyu. Na gama rage rigar na kai, ya shafa ta ya ce in ajiye a kan kujera. Ya tambaye ni ko na san cewa abokin nasa shi kaɗai ne ɗa a wurin uwarsa. Na ce ban sani ba.

"Yanzu kin sani," ya ce. "Bayan ni, kin zama ta biyu da ta sani."

Ana saura kwanaki kaɗan a yi taron, ina shara da safe, na ji muryar matarsa ta kan katanga, ba kuka, ba salati mai ƙarfi.

"Tela, zo. Malam ya tafi."

Ranar yaye ɗaliban, titinmu ya cika da motocin iyaye har bakin shagonsa da ke rufe. Masu gaisuwa sun ragu, ni da matarsa ne kawai a tsakar gida. Muna jiyo lasifikar jami'a, ana ta jero sunaye, iska na kawo wasu tana tafiya da wasu.

"Sun kira shi?" ta ce.

"Ban ji ba, Yaya."

Ta ɗan saurara, kanta a karkace. Can aka yi tafi mai tsawo. Sai ta sunkuya ta kama bakin tabarmar da baƙi suka tashi a kai, na kama ɗaya bakin, muka fara naɗewa.