Kumfa a Gindin Bawul

A Unguwar Dinya, ƙauyen da ke gefen hanyar Bici, bazara lokacin taki ce. Gonakin nan tun kaka da kakanni ake noma su ba hutu, don haka wanda bai zuba taki kafin ruwan farko ba, da kaka sai dai ya yi kallon rumbun maƙwabta. A da jakuna ne ke ɗauko shi daga birni. Yanzu kuwa aikin ya koma kan gingimarin Nababa, tsohuwar mota mai taya goma wadda kajin garin ma sun san ƙararta tun daga nesa.

Bana sai motar ta ɓullo da wani hali. Tayar baya ta ciki, ɓangaren direba, ta ƙi riƙe iska, alhali a farkon bazarar Nababa ya sayo sabbin tif daga Kano, wato robar ciki mai riƙe iska, aka zuba wa tayoyin baya duka. A cika ta da safe tam, kafin la'asar ta yi laushi ta sakar wa 'yar'uwarta nauyi. Dole a tsaya, a kwance, a duba. Tafiyar yini ta koma ta kwana, taki na jiran mota a birni, gonaki na jiran taki a ƙauye, hadari kuma ya fara leƙowa ta gabas da yamma-yamma.

Mai faci ɗaya ne a garin, Malam Usaini, kuma shi ne mahaifin Larai, matar Nababa. Nan ne maganar ta yi nauyi. Nababa mutum ne mai baki, a tasha har tsoron tsokanarsa ake yi, amma da ya doshi rumfar surukinsa sai ya zama wani daban. Tun daga nesa zai cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi kai a ƙasa, ya gangaro da tayar, sannan ya koma can ƙarƙashin darbejiya ya zauna kamar baƙon da ke jiran a yi masa sallama. Bai taɓa tsayawa a kansa yana aiki ba, balle ya ce masa ga inda za a duba.

Tsohon ya yi iya yinsa. Ya zaro tif, ya hura shi, ya bi da shi cikin rabin durom ɗinsa na ruwa gaɓa-gaɓa, bai ga kumfa ba. Ya ɗiga yawu a bakin bawul, wato ƙarfen da ake hura iska ta cikinsa, shiru. Ya sauya ƙwayar bawul ɗin duk da haka. Da aka sake dawo masa da ita, ya liƙe wani ɗan ƙarzo da yake zargi. Aka sake dawowa, ya liƙe wani. Tif sabo fil ya fara kama da rigar da aka gaji da ɗinkewa, iska kuma tana ta tafiyarta.

Mutanen gari suka fara magana, kuma ba a ɓoye ba. Hadi, wanda gonarsa ce ke layi na gaba, ya tare Nababa a majalisar ƙofar masallaci.

"Nababa, kai fa kunyar suruki kake yi, mu kuma gonakinmu ne za su biya. Ka kai tayar nan Bici mana. Tsohon nan idonsa ya tafi, kowa ya sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Tayarka ce ta gaya mini."

Aka yi dariya. Nababa ya taya su da baki kawai, amma maganar ta sosa masa rai. Ya san idan aka ga tayar gingimarinsa a wajen wani mai faci a Bici, shi ke nan, ko mai keke ba zai ƙara tsayawa a rumfar Malam Usaini ba. Za a ce ai surukinsa ma ya guje shi.

Da ya koma gida, Larai ta ƙara masa wani nauyin. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba ta ce, "Na je wajen Inna ɗazu. Ta ce Baba bai ci abincin rana ba. Wai ya ce idan tayar nan ta sake dawowa, zai kwashe kayan rumfar ya huta, tun kafin a fara yi masa dariya a fuska."

Tausayin tsohon ya kama Nababa, haushin tayar kuma ya ƙaru.

Washegari, bayan ya sauke taki a wata gona, ya bi ta kududdufin bayan gari don ya wanke bayan motar, domin warin ya fara damun ko shi da ya saba. Ya ja ta da baya har ruwa ya shanye rabin tayoyin. Ya naɗe wando ya shiga da bokiti. Yana sunkuyawa sai ya hango wasu 'yan kumfa ƙanana suna tasowa a jere daga tsakanin tayoyin baya, a hankali, ba gaggawa. Ya tura hannu ya lalubo. Ba daga jikin taya suke fitowa ba, ba kuma daga bakin bawul ba. Daga gindinsa ne, daidai inda dogon ƙarfen ya haɗu da roba.

Ya daɗe a tsaye cikin ruwan. Shekara da shekaru yana hango aikin surukinsa daga ƙarƙashin darbejiya, kuma yanzu ne ya gane abin da yake gani. Malam Usaini da bawul yake riƙe tif. Shi ne mariƙinsa. Ya damƙe shi a hannun dama, ya yi ta juya sauran robar cikin ruwa da hagu, da zarar hannunsa ya iso bakin ruwa sai ya ɗaga, don tun yana koyo aka hore shi kada ruwa ya shiga bawul. Duk tif ɗin yana shan ruwa, ban da ɗan wurin da ke cikin tafin hannunsa.

To gano ciwo daban, faɗarsa daban. Ta yaya mutum zai durƙusa gaban uban matarsa ya ce masa hannunka ne ya rufe ɓarakar? Ya yi tunanin aika Larai, ya ga abin zai fi muni, a ce 'yar cikinsa ce ta koya masa faci. Ya yi ta juya maganar har ya isa rumfar, da hantsi, majalisar masallacin da ke kusa da ita cike da masu zaman jiran ganin yadda za ta ƙare.

Malam Usaini ya karɓi tayar. Ya zaro tif, ya hura, ya ja shi zuwa durom. Nababa ya yi kamar zai koma wajen zamansa, sai ya juyo.

"Baba, yana da nauyi. Bari in kama maka."

Tsohon ya dube shi da mamaki, amma ya sakar masa. Nababa ya riƙe ta gefe, suka fara juyawa tare. Da bawul ya iso bakin ruwa, sai Nababa ya yi wani santsi na ƙarya, irin wanda ko yaro ba zai yarda da shi ba, ya faɗa da dukkan nauyinsa a kan robar. Bawul ya nutse har gindi.

"Subhanallahi! Ƙafata ce ta zame, Baba."

Bai ɗaga robar ba. Kumfa suka fara tasowa a jere. Malam Usaini ya sunkuya ya zuba musu ido. Ya dubi kumfan, ya dubi tafin hannunsa na dama, sannan ya dubi ƙasar da Nababa ke tsaye a kai, busasshiya ƙayau.

Nababa ya yi sauri ya ɗaga murya yadda majalisa za ta ji. "Allahu akbar, Baba ya gano shi! Ashe bawul ne. Tif ɗin da na sayo ne ba su da kyau."

Ya ɗauka an gama. Laifi ya koma kan kayan kanti, sunan tsoho ya tsira, kowa ya huta. Amma Malam Usaini ya miƙe a hankali, ya goge hannu a gefen riga, ya yafito mutanen majalisa.

"Hadi, ku zo ku gani."

Suka taso suka kewaye durom ɗin. Nababa na sunkuye a kan robar.

"Bawul ɗin ba shi da kyau, wannan gaskiya ne," in ji tsohon. "Amma ba ni na gano ba. Da bawul nake riƙe tif tun kafin a haifi wasunku, nan wurin bai taɓa shiga ruwa a hannuna ba. Yaron nan ne ya gani. Kunyata ta hana shi faɗa, shi ya sa kuka ga ya zame a busasshiyar ƙasa."

Babu wanda ya yi dariya. Hadi ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Nababa kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige, ga kunya, ga wani daɗi da ya rasa inda zai sa shi, har idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, ai da ka bar shi a yadda na faɗa," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Da na bari, gobe wani zai kawo mini taya in sake riƙe ta haka, ya hau titi da kaya da mutane." Malam Usaini ya jawo akwatin kayan aikinsa da ƙafa. "Tashi ka kwanto sauran na bayan, tunda tare ka sayo su. Kai kuma Hadi, daina kallona, ɗebo mini ruwa ka cika durom ɗin nan har baki."