Dutse a Cikin Jeren Suwaiba

Labo direban kamyo ne, babbar motar ɗaukar siminti, a Malbaza, kuma tun da ya auri Suwaiba, malamar lakwal, wato makarantar boko, bai taɓa jin ta yi zancen dutse ba. Sai da aka kawo musu sabon malamin kimiyya, Malam Muhsin, wanda ya kwashi ɗalibai da malamai ya kai su inda aka yanka tudu aka fitar da kwalta. Ta dawo da ɗan farin dutse mai zanen katantanwa a jiki, ta goge shi da bakin zanenta, ta sa shi a tsakiyar kwanukan jerenta.

"Maigida, ka san jan layin nan na bisa, inda anka yanka tudu?" in ji ta. "Malam Muhsin ya ce da can manyan duwatsu na, ruwa da iska sunka cinye su, rairayinsu ya gangaro ya kwanta nan. Hwarin na ƙasa kuwa gindin teku na."

"Teku a Malbaza?" Labo ya ce. "Mu da ka neman ruwan wanka?"

Ta yi dariya ta ci gaba da bayani. Malam Muhsin da safe, Malam Muhsin da la'asar. Ba zarginta yake ba, ya san matarsa. Fuskar ce ta tsaya masa a rai. Atamfa nawa ya kawo mata daga Konni bai ga idonta ya yi wannan haske ba, sai a kan tsakuwar wani ƙato! Kishi ya hana shi jin daɗin tuwo.

Ran nan da rana tsaka ya tsayar da kamyo a gefen yankan, ya ɗauki ƙarfen cire taya ya hau. Direbobi na wucewa suna masa oda, wani ya leƙo ya tambaya ko zinariya ya gano. Ga ja a sama, ga rawaya, ga fari, hawa-hawa kamar an jera tabarmi. Malam Muhsin bai yi ƙarya ba, wannan ma ya ƙara masa haushi. Ya fasa yatsa, amma ya ɓamɓaro wani dutse mai girman ƙwaryar fura, cike maƙil da katantanwa.

Da ya dire shi a tsakar gida, Suwaiba ta saki muciya, ta durƙusa tana shafa dutsen. Ga hasken nan a idonta, har ya fi na farko. Labo ya gyara tsayuwa, ya ɓoye yatsan a aljihu.

"Kai, maigida, Allah shi saka!" ta ce. "Malam Muhsin bai taɓa ganin irin wanga ba. Don Allah gobe ka aza shi ga kamyo ka kai mashi lakwal, ni ban iya ɗaukatai."