Gwiwar Baba Ta Zaɓi Unguwa

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce. Karatu na iya, shi ma a lungu. Amma abin da ya faru a Townsville ya ƙi barin kaina, sai na ce bari in sauke shi a takarda in huta.

Mu mutanen Ballarat ne, can kudancin ƙasarmu, inda sanyi ke shiga ƙashi ya yi shimfiɗa. Da Baba ya haura hamsin, gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo duk hunturu, shi ya sa muka sayar da gida muka nufi Townsville, can arewa, neman rana. Mama ta ba shi wa'adi: in ba a sami gida a wannan zuwan ba, Ballarat za mu koma haya, gwiwa ta sha wani sanyin.

Baba kuwa ya kafa doka. Duk gidan da aka nuna mana, zai tsugunna a tsakar gida. In ya miƙe ba nishi, unguwar ta yi.

Abin mamaki, gwiwar nan ta san tsada. A unguwannin bakin teku zumbur yake miƙewa. Da mun matsa inda kuɗinmu zai kai, sai ya hau "wash, wash".

"Desmond," in ji Mama, "wannan gwiwar taka ɗiyar masu kuɗi ce?"

"Lorraine, ni ma bin ta nake."

Ranar Asabar dillaliya Kerryn ta kai mu gida na ƙarshe, can bayan layin dogo. Gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu, fentinsa duk ya ɓaɓɓare, ga katuwar bishiyar mangwaro a baya. Mama ta ji farashi, idonta ya yi haske. Ni kuma na hango ɗakin karatu na unguwa a tsallaken titi, na yi shiru da addu'ata.

"Araha ba ta ado," in ji Baba. Ya je gindin mangwaro, ya dafa reshe, ya tsugunna a hankali kamar mai naƙuda.

"Kin gani? Ta ƙi. Philippa, zo ki ɗaga ubanki."

Kafin in taka, na ga wani dunƙulen ganye ya faɗo daga reshen da ya girgiza, ya sauka a wuyan rigarsa. Gidan korayen cinnaku ne. Na buɗe baki, amma ni dama magana kan yi mini nauyi a gaban baƙi.

Baba ya yi tsalle. Ya zagaye bishiyar sau biyu, ya haye matakalar gidan bibbiyu, ya sauko, ya tsallake shingen maƙwabta ko dafawa bai yi ba. Wani tsoho da ke ban ruwa a can ya ɗaga masa hannu.

"Sannu, maƙwabci! Ashe ɗan wasa muka samu."

Mama ta naɗe hannu a ƙirji.

"To, gwiwa ta yi magana. Ko nishi ban ji ba."

"Lorraine, cizo ne! Cizo!"

"Dokarka ce, tsohona, ba tawa ba. Kerryn, ina ake sa hannu?"

Baba ya tsallako ya dawo, yana bayan tankin ruwa yana kakkaɓe wando, tsohon na fesa masa ruwa ta saman shinge, Mama na neman biro a jaka. Na ga ba wanda ke duban inda nake, sai na sulale ta ƙaramar ƙofa, na tsallaka titi.