Wa Zai Karɓi Bapu?

Ƙarfe shida na safiyar Asabar Bapu ya hau karatu, da shirin a karɓe shi ƙarfe takwas. Ƙarfe bakwai ruwa ya ci gadar.

Ni ce Gurmej, 'yarsa ta fari. Ina bayan gurdwara, wurin ibadarmu, a ɗakin langar, inda muke dafa abincin kowa da kowa, ina murza gurasa tare da matan gari, aka shigo da labarin. Kowacce ta ɗaga kai ta kalli lasifikar da ke kan soro, domin duk mun san abin da labarin yake nufi.

Kwana huɗu ke nan sama ba ta ɗauke ba. Kogin Satluj ya cika ya batse, yana lasar ganuwar ƙasa da ta raba shi da gonakinmu. Shi ya sa dattawa suka yanke a yi karatun nan da ba a yankewa: a ɗauko Littafin mai tsarki, wanda muke kira Guru, tun daga farko har ƙarshe, kwana biyu cur, muryar ba ta tsayawa. Wanda ke kan karatu ba ya magana da kowa, ba ya tashi. Sai mai karɓarsa ya zo ya zauna a gefensa, ya kama layin da yake kai, muryoyinsu su haɗu, sannan na farko ya yi shiru ya zame. Mutum huɗu ke karɓa-karɓa, Bapu da wasu uku da aka gayyato. Su ukun nan sun ƙi kwana a garinmu, wai saurommu ya yi yawa, suka sauka gidan wani ɗan'uwansu a ƙetaren gada. To, ga shi sauro bai cije su ba.

Littafin garinmu tsohon bugu ne, kalmominsa a manne suke da juna, babu tazara. Wanda ba a horar ba, ko ya iya karatun jarida, layi biyu zai yi harshensa ya sarƙe. Mutum ɗaya Bapu ya horar a duk rayuwarsa. Ba ni ba ce. Bapu ya yarda ɗari bisa ɗari cewa mace da namiji ɗaya ne a gaban Guru, yana ma faɗa wa mutane haka da babbar murya, amma ni kwaɓin gurasa aka koya mini. Ƙanena Tarsem ne ya zauna a gabansa tun yana shekara bakwai.

Shekara huɗu kuwa Bapu bai furta sunan Tarsem ba. Tarsem tasi yake ja a Delhi lokacin da aka yi kwanakin nan na farautar masu rawani irin namu. Wani maƙwabcinsa ya ɓoye shi a bayan shago, ya aske masa kai da gemu, da haka ya tsira. Mu kuwa a addininmu ba a aske gashi. Ranar da ya dawo gida na rungume shi ina kuka. Bapu ya dube shi daga kan gadonsa na igiya ya ce, "Da gawarka aka kawo mini da gashinta, da na san ɗana ne." Tarsem ya kwashi kayansa ya koma bukkar da ke bakin rijiyar gona. Gashi ai tsirowa yake, da ya bar shi da tuni magana ta mutu. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk sati sai ya je wurin mai aski, don dai Bapu ya ji.

Ƙarfe tara muryar Bapu na nan garau. Mutum ne mai shekara saba'in da shida, da ciwon ƙirji, kuma ban da kofin shayi babu abin da ya sa a cikinsa. Lasifikar tana aiki da batirin tarakta, tana kai muryarsa har kan ganuwa, inda duk mazan gari ke cika buhuna da yashi. Tsoffi suna cewa muddin muryar nan na fita, ganuwa ba za ta fashe ba. Bapu kansa camfi yake kiran irin wannan magana. Amma ranar nan ko ni na kama kaina ina sauraron muryar kamar numfashin mara lafiya.

Wajen sha ɗaya ruwa ya fara ɓullowa ta ƙarƙashin ƙasa. Ba ambaliya ba ce, tsattsafowa yake a hankali, shiru, daga cikin gonakin shinkafa zuwa lungunan gari. Tururuwa suka yi layi suna hawa bangon langar da ƙwansu a baki. Ɓaunaye suka ƙi cin ciyawa, suna ta jan igiya suna fuskantar tudu. Mata suka fara kwaso yara da ƙunshin kaya zuwa gurdwara, domin matakala bakwai ake hawa kafin a shiga, babu inda ya fi shi tudu a garin.

Na wanke hannu na shiga. Bapu na zaune a bayan Littafin, rawaninsa ya jiƙe da gumi. Kawu Sucha Singh, amininsa tun ƙuruciya, yana tsaye a bayansa yana kaɗa izga. Muryar ta fara dushewa, ƙarshen kowane layi yana fita da wani ɗan fito. Na ja Kawu gefe.

"Kawu, awa biyar ke nan. Mutuwa za ku bar shi ya yi?"

"To ya za mu yi, 'yata? Na aika a duba ko akwai kwalekwale. Babu."

"Akwai mai karɓarsa a kan ganuwa."

Ya zaro ido kamar na zagi uwarsa. "Mai askakken kai? A wannan wurin? Gurmej, ki ji tsoron Waheguru."

"Shi nake jin tsoro. In karatu ya yanke fa?"

"Ba zai yanke ba. Na san mahaifinki, Ajaib Singh."

"Ni ma na san shi, Kawu, shi ya sa hankalina ya tashi."

Bai ce je ki ba, bai ce kar ki je ba. Ya koma kan izgarsa. Na ɗaure mayafina a ƙugu na fita.

Ruwa ya kai mini gwiwa a hanyar gona, mai sanyi, launin shayi. Na wuce maciji biyu a naɗe a kan reshen bishiya, ko motsi ba su yi ba. Na hau ganuwa na dubi kogin. Babu ɗaya gaɓar. Ruwa ne har inda ido ya tsaya, yana tafe da itatuwa da rufin bukkoki da wata saniya ƙafafu a sama. Tsakaninsa da saman ganuwa bai fi kamu biyu ba. Mazan suna aiki, muryar Bapu tana zuwa musu a kan iska, tana ɓacewa tana dawowa.

Tarsem na ɗauke da buhu a kafaɗa, laka har wuya. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "A'a."

"Ban ce komai ba tukuna, ɗan nema."

"Na san abin da ya kawo ki, Yaya. Tun ɗazu nake jin sa. Ya tsallake numfashi sau uku a shafi ɗaya."

"To me kake jira?"

"Gawa ba ta karatu." Ya jefar da buhun. "Ba gawa ya ce yake so ba? Ki je ki nemo masa ɗansa mai gashi."

"Kai, rufe mini baki! Da kai da shi duk jakai ne, shi dai ya fi ka gemu. Ba don shi za ka zo ba. Dubi mutanen nan."

Ya dube su. Daidai lokacin muryar ta sarƙe da tari. Na rantse duk wanda ke kan ganuwar nan ya tsaya cak, masu shebur da masu buhu, kowa ya juya ya fuskanci gari. Tarin ya yi tsawo. Sai kalma ta fito daga cikinsa, a shaƙe, wata ta biyo ta. Mutane suka sauke numfashi suka koma aiki. Na ga leɓen Tarsem yana motsi, yana bin layin da ka, bai ma san yana yi ba.

"Ba zai sakar mini ba," ya ce a hankali.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zo mu je."

Ƙarfe ɗaya ta wuce muka iso. Ruwa ya rufe matakala uku. Tarsem ya yi wanka a famfon bayan langar, ya sa farar riga ta aro, ya ɗaura ƙyalle a kai. Da ya shigo zauren, mata suka dare masa hanya, wata tsohuwa ta ja tsaki. Ya durƙusa ya sa goshi a ƙasa a gaban Littafin, ya zagaya. Kawu Sucha ya tare shi da ido, ya dubi Bapu, ya dubi ƙofa inda ruwa ke ƙyalli, sannan ya matsa gefe.

Fuskar Bapu ta koma launin toka. Hannunsa ɗaya na dafe da ƙirji, ɗayan na gefen shafi. Tarsem ya zauna a damansa, kafaɗa da kafaɗa, ya sa ido a layin, ya shiga. Shekara huɗu bai buɗe Littafin ba, amma ko tuntuɓe bai yi ba. Irin muryar Bapu ce sak, ta shekara talatin da suka wuce.

Layi ɗaya ake yi tare, in ya yi yawa biyu, sai na farko ya saki. Suka yi layi biyu. Suka yi biyar. Bapu bai waiwaya ba, bai kuma yi shiru ba. Ƙara ɗaga murya ma ya yi, da ɗan abin da ya rage masa, yana neman ya danne ta ɗansa. Suka kai ƙarshen shafi, hannaye biyu suka miƙa, na Bapu ya riga, ya juya takardar da kansa.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, ban kuma taɓa jin haushin mahaifina haka ba. Ina durƙushe kusa da su, ina kallon bakinsa, ina cewa a zuci, saki, Bapu, don girman Guru ka saki. Zauren ya yi tsit, har jarirai. Ana jin ruwa yana bugun matakala a waje, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Shafi uku suka yi a haka. A tsakiyar na huɗu murya ta zama ɗaya.

Bapu bai zame gefe yadda ake yi ba. Ya ɗan jima a zaune, sannan ya karkata, kansa ya sauka a kafaɗar Tarsem. Kawu ya ajiye izga ya tallafe shi. Wata mata ta buɗe baki za ta kurma ihu, Kawu ya ɗaga mata hannu, domin ba a kururuwar mutuwa a gaban Guru. Mu huɗu muka ɗauke shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, muka kwantar da shi a jikin bango muka rufe shi da farin zane.

Tarsem bai juyo ba. Ba shi da ikon juyowa. Ya ji nauyin a kafaɗarsa, ya ji an ɗauke, ya san ko mene ne, kuma babu wanda zai karɓe shi. Hawaye na bin kumatunsa, yana kautar da fuska kada su ɗiga a takarda, muryar kuwa ba ta karye ba. A kan ganuwa mutane sun ji an canja murya, suka yi ta murna wai an sami mai karɓa.

Sai wajen ƙarfe biyar na yamma wani kwalekwale ya kawo biyu daga cikin masu gudun sauro. Ruwa na matakala ta biyar a lokacin, kuma a nan ya tsaya. Ganuwa ba ta fashe ba. Ko buhuna ne suka riƙe ta ko karatu, kowa da abin da yake faɗa har yau.

Ɗayansu ya zauna ya kama layi, Tarsem ya saki tun a na farko. Ƙafafunsa sun mutu, da rarrafe ya iso inda nake zaune kusa da Bapu. Bai buɗe zanen ba. Ya kama hannuna, muryarsa ta dushe ƙurmus.

"Yaya, idona na kan layi, ban gani ba. Ke kina kallonsa. Sakar mini ya yi, ko faɗuwa ya yi?"

Ina kallonsa kuwa, babu abin da ya wuce ni. Muryar ce ta ƙare masa, shi bai daina ba. Bayan sauti ya ɗauke leɓensa ya ci gaba da motsi, kalma bayan kalma, layi guda cur, har kansa ya sauka. Kawu Sucha ma ya gani. Na ɗaga ido muka haɗa ido da shi, ya sunkuyar da kai.

"Ya sakar maka," na ce. "Da kansa ya yi shiru."