Muryar Mijinta a Faifai

"Baba, wannan fa ba rediyo ba ne. Hanjin kwamfuta ne."

"Hanjin ma da ranarsa," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Miƙo min sukudireban nan mai jan kai."

'Yarsa ta miƙa masa. Daga asibiti ta biyo, ko fararen kayan aikinta na nas ba ta cire ba, ta tarar teburin falo ya koma shagon gyara. Tsohuwar kwamfutar da ta yi shekaru a ƙarƙashin gado tana kwance ciki a buɗe. Ya zaro mata abu biyu: na'urar da ake zura wa faifan sidi, da akwatin da ke ba ta wuta. A gefe ga ƙananan sifiku biyu, ɗaya an ɗaure masa tsagewa da salatif.

Shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran kwamfutoci a wani ofis kafin ya yi ritaya, kuma har yau in yana aiki sai ya yi bayani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ya nuna mata goshin na'urar. Irin ta da ce, ya ce, mai madanni biyu da ramin sa abin kunne, ba ta bukatar kwamfuta kafin ta yi waƙa, wuta kawai take so. Na yanzu kuwa duk ragwaye ne, sai an tsaya a kansu. Ya lanƙwasa guntun waya ya haɗa koriyar waya da baƙa a bakin akwatin wutar, ƙaramar fankar ciki ta soma juyawa da tari irin na tsofaffi.

Ita ba ta kallon fankar. Hannunsa take kallo, yadda yake lalube in ya zo kan ƙananan kusoshi.

Mahaifiyarta tana ɗakin ciki. Shekara uku ke nan da ciwon mantuwa ya kama ta, yana ɗebe mata abubuwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai kwashe kaya daga gidan da za a tashi. Sunayen maƙwabta suka fara tafiya, sai hanyar kicin. Wata biyar da suka wuce ta dubi mijinta da safe ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi ko wani yake nema. Tun ranar ba ta sake gane shi ba.

Abu ɗaya ne ya rage mata da ba ta saki ba. Farkon aurensu an tura shi kwas nesa, shekara ɗaya da rabi, kuma da yake rubutunsa kamar tafiyar kaza ne, sai ya riƙa yi mata magana a kaset yana aikowa. Daga baya ya juye wanda ya tsira a faifai. Kullum da hantsi takan ciro faifan daga gidansa, ta goge shi da gefen mayafi, ta sa a rediyon ɗaki. Rediyon ya mutu wata takwas da suka wuce. Masu gyara uku suka duba, kowa ya ce ai yanzu babu mai ajiye kayan irinsa.

'Yar ta gwada juye muryar a waya, abin ya zama tashin hankali. Uwar ta ɗauka kira ne, ta riƙa amsawa, tana cewa ga ta, tana jinsa, shi kuma yana ta zuba bai saurare ta ba. Ta yi kuka har ta ƙi abinci kwana biyu.

Shi dai lissafinsa ɗaya: bayan rediyon ya mutu ne ta manta shi. In muryar ta dawo ɗakin, kuma shi yana zaune a gabanta, dole ta haɗa biyun. 'Yarsa ta san ba haka ciwon yake ba, tana ganinsa kullum a wurin aiki. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta ga ya sa sabuwar riga, har ya rage gemu, sai ta tambaye shi ko ya sha maganin hawan jininsa.

Tiren na'urar ya ƙi fitowa. Ya buɗe, ya ga robar da ke jansa ta saki, ya roƙi 'yar ta ba shi ƙaramar robar daurin gashi. Da ya sa, tiren ya zuro kamar harshe. Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba, ya ce ta shaida, kanta ya yi amfani yau.

Suka ɗauki kayan a kan faranti zuwa ɗakin ciki. Uwar tana zaune bakin gado kusa da taga, hasken la'asar a kan hannayenta. Da ta ga namiji ta gyara mayafi. 'Yar ta miƙa mata faifan. Ba wanda ya ce mata komai, hannunta ne ya tuna: ta ciro shi, ta hura masa iska, ta goge, ta ajiye shi daidai a tsakiyar tiren.

Ya danna. Aka ji ƙugi, sai shuru, sai wani saurayi ya yi gyaran murya a cikin ɗakin.

Yana ba ta labarin ɗakin da aka ba shi, mai taga da ba ta rufuwa. Yana tambaya ko haƙoran jaririya sun fito, ko har yanzu da dasashi take cizo. Ya ce abincin wurin ba gishiri, har ya soma kewar nata da ke da gishirin mutum uku. Uwar ta rufe baki da hannu tana dariya, kafaɗunta na girgiza, ta ce wa sifikar, "Ka ji shi, maƙaryaci." Fuskarta ta koma ta yarinya. 'Yar ta juya ta fuskanci bango.

Shi kuwa ya san kowace kalma. Ya matso da kujerarsa, ya soma faɗa tare da muryar, a hankali, tsohuwar murya tana bin sawun sabuwa. Da aka zo inda saurayin ke cewa ya ƙirga kwanakin da suka rage, ya riga shi faɗa: ɗari da goma sha ɗaya.

Ta juyo ta dube shi.

"Malam mai gyara," ta ce, "don Allah ɗan yi shiru. Maigidana ne ke magana."

"Ni ne," ya ce. "Dube ni da kyau. Ni ne na ce gishirinki ya yi yawa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ja da baya har ta jingina da bango, ta riƙo hannun 'yar, ta ce mata a sallami bawan Allahn nan, aikinsa ya yi kyau, amma bai dace ya zauna mata a ɗaki ba mijinta yana hanya. Faifan yana ta juyawa, saurayin yana cewa ta kula masa da kanta.

Bai haƙura ba. Washegari ya zo da hoton aurensu, ta karɓa ta gode, ta tambaye shi inda ya samu. Rana ta uku ya ce a kashe na'urar ya yi mata maganar da bakinsa, ta yi kuka ta ce ya ɓata mata abin, ta ƙi barin kowa ya taɓa faifan har yamma. A rana ta huɗu 'yar ta lura da wani abu, ta rasa yadda za ta faɗa masa: in ya shigo da sukudireba a hannu, ya duba wayoyi, ya danna ya koma bakin ƙofa, uwar takan saki jiki. Har ta ce a ba shi ruwa, mutumin kirki ne, hannunsa na da albarka.

Ashe ya lura. Ta same shi a falo yana zuba kayan aiki a tsohuwar jakarsa ta ofis, yana goge kowanne kafin ya sa. Ta ce masa wataƙila gobe, ai ciwon yana da ranaku. Ita kanta ta ji yadda maganar ta fita ba nauyi.

"Ke ce nas, kar ki yi min ƙarya," ya ce. Ya ja zif ɗin jakar, ya tsaya yana sauraren muryarsa tana fitowa daga ɗakin ciki, da dariyar matarsa a kanta. "Tana da miji, kuma tana jin daɗinsa. Ni ne nake shiga tsakaninsu."

"Baba..."

"Ki fito min da tufafina daga ɗakinta zuwa falo. Daga gobe zan riƙa yin sallama a bakin ƙofa, ki ce mata mai gyara ya zo. Ba zan sake ce mata ni ne ba."