Sakin Layin Baba

Baba ya ɗaga wayar har ta kusa taɓa hancinsa, ya karkata kai kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, sannan ya haƙura ya miƙo mini.

"Uwata, duba min. Kwanaki ta yi ƙara, na ɗauka masu tallan waƙa ne."

Saƙon asibitin ido ne. An sa masa ranar Talata da ƙarfe takwas don cire yanar da ta rufe masa idanu, wanda bai zo ba kuma ya rasa gurbinsa. Ranar da nake karantawa Asabar ce, Talatar ta wuce da kwana huɗu. Wata bakwai muka yi muna jiran wannan saƙo.

Gwaggo, ƙanwarsa da ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyata, ta ajiye tsintsiya ta ce ita ma ta ji ƙarar, har ta goge fuskar wayar da bakin zani, amma ita da boko sai kallo. Ni kuwa sai ƙarshen mako nake zuwa, ban kuma taɓa tunanin in ce su kira ni idan wayar ta yi ƙara ba.

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana raba wasiƙu a kan keke. Rabin gidajen da yake shiga ba mai iya karatu, don haka yakan jingine keken ya zauna a dakali ya karanta musu, idan labarin mutuwa ne ya fara da addu'a. Yanzu ga shi da nasa saƙon a aljihu kwana goma. Abin da ya fi cin raina shi ne ni ce sakatariyar kwamitin da ke rubuta tsarin fasahar sadarwa na ƙasa, kuma asibitin nan na cikin wuraren da muke alfahari da su don sun daina amfani da takarda.

Da na fara kuka sai ya lalubo kaina ya dafa, ya ce in bari, ido ba ya gudu. Sannan ya ce a zamaninsu ba sa cewa wasiƙa ta isa don kawai ta shiga gida, sai mai ita ya ji abin da ke ciki.

"Ku naku tsarin, wa yake tabbatar an ji?"

Na ce masa zan kai wannan tambaya gaban kwamitinmu. Na buɗe kwamfuta a kan tabarma, shi yana faɗa ina gyarawa, Gwaggo na tsoma baki daga bakin murhu. Kafin la'asar mun fitar da sakin layi guda: duk saƙon hukuma ya zo da kiran murya cikin harshen mai wayar, kowane ofis ya bar taga ɗaya da mutum a zaune, kuma kada a ƙwace gurbin kowa sai an tabbatar ya ji. Baba ya sa na maimaita masa sau uku, ya ce idan an buga a rubuta sunansa da manyan baƙi, tunda ƙanana sun daina gaishe shi.

* * *

A babban ɗakin taro na wani otal muka yi zaman ƙarshe, sanyin na'ura ya sa kowa ya naɗe hannu. An ce an ji ra'ayin jama'a, amma fom ne aka ɗora a intanet da Turanci, mutum ɗari uku da 'yan kai suka cika, yawancinsu na san ofisoshinsu.

Na karanta sakin layin. Ƙwararren da aka ɗauko ya taya mu aiki ya saurara da murmushi, ya ce tunani ne mai kyau, sai dai tagar mutum za ta sa a ga kamar ƙasar na komawa baya, alhali alƙawarin da aka yi wa masu ba da tallafi shi ne komai ya koma waya cikin shekara biyar. Wani ya ce ai tsofaffi suna da jikoki. Aka yi dariya kaɗan.

Daraktanmu ba mugun mutum ba ne, shi ya ba ni hutu lokacin jinyar mahaifiyata. Ya kira ni gefe lokacin shan shayi, ya ce ya fahimce ni, shi ma uwarsa ba ta karatu, amma ranar ƙaddamarwa ta matso kuma ba ya son gardama. Ya ce in taƙaita. Na taƙaita, ya ce in ƙara. Da hannuna na mayar da maganar Baba jimla ɗaya, da hannuna kuma na rubuta a gabatarwa cewa an tuntuɓi dukkan masu ruwa da tsaki. Ba wanda ya tilasta ni. Ina son kujerata, shi ke nan.

* * *

Littafin tsarin ya fito da bango mai sheƙi. Baba ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shinshina takardar, ya ce tawadar mai kyau ce. Ya riga ya gaya wa duk maƙwabta cewa maganarsa ta shiga takardar hukuma. Ya gyara zama ya ce in karanta.

Na haddace ainihin sakin layin, da na so da na karanto shi daga ka ba tare da ya sani ba. Na buɗe shafi na tamanin da huɗu, na karanta abin da ke wurin: za a duba buƙatun masu rauni idan hali ya yi.

Ya jira ko akwai saura. Da ya ji shiru sai ya juya wajen Gwaggo.

"Kin ji sabon sunanmu. Masu rauni."

Ta ce shi dai, ita ƙalau take. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce ba komai, ko ba a ba mu ɗaki ba an bar mu a zaure. Bai tambaye ni wanda ya yanke sauran ba. Ya sa littafin a ƙarƙashin matashi, ya ce in ci abinci kada ya huce.

* * *

Ranar Litinin na kai shi asibiti neman sabon gurbi. An rufe tsohuwar tagar karɓar kati da katako, an manna takarda mai bayanin yadda ake rajista ta waya. Na yi masa a tsaye cikin minti biyu. Aka ba shi wata biyar nan gaba.

A kan bencin da muka zauna akwai wata tsohuwa mai tabarau ɗaure da zare, riƙe da waya da hannu biyu kamar za ta zube. Baba bai iya zama kusa da mutum bai yi hira ba. Kafin in hana shi ya gaya mata cewa wannan 'yarsa ce, ita ke rubuta wa ƙasa tsarin wayoyin nan duka.

Fuskarta ta washe. Ta sa mini albarka, ta ce Allah ne ya kawo ni. Wayar ta maƙwabciyarta ce, da lambarta aka yi mata rajista, jiya matar ta tuna akwai wani saƙo, shi ne ta aro ta hau mota tun da sassafe.

"'Yar nan, duba min, yau ne ko gobe?"

Na duba. Mako uku ke nan da wucewar ranar. Tana kallon bakina tana murmushi, jakar kayan kwananta a kan cinya.

Baba ya gane labarin tun kafin in buɗe baki. Ya matsa kusa da ita a kan bencin, ya gyara murya a hankali.

"Baiwar Allah, daga nesa kika taho?"